Ma'aunin Gudun Harsashi: Zaɓensa da Yadda Ake Aiki da Shi

Kowane hakimi ya san abin da kan faru a kasuwa idan aka bar mai saye da mai sayarwa ba mudu ba sikeli. Kowa sai ya ƙiyasta yadda ya yi masa daɗi, rigima ta ƙare a gaban alƙali. Al'amarin bindiga ma haka yake. Mai ita yakan ce tana da ƙarfi domin ƙararta ta cika kunne, ko domin ta doke shi a kafaɗa, mai sayar da harsashi kuma ya nuna lambar da aka buga a jikin kwali. Cikinsu kuwa ba wanda ya taɓa ganin harsashin yana tafiya, domin ido ba ya iya binsa. To, akwai na'urar da aka ƙera musamman don ta raba wannan gardama. Turawa suna kiranta kuronogiraf, kalma ce da aka haɗa daga harshen Girka, ma'anarta mai rubuta lokaci. A takardan nan za a riƙa ce da ita ma'aunin gudu.

Ba a tsammanin kowane ofishin gunduma zai sayi wannan na'ura. Amma maganar bindiga takan biyo ta hannun hakimai da malamansu: ga maharba masu neman lasin, ga ma'aikatan gandun daji da akan aiko idan dorina ta addabi masunta a Yawuri ko Dadin Kowa, ko giwayen Yankari sun shiga gonaki, ga kuma takardun shaida da kan zo cike da lambobi, malami ya karanta wa ubangidansa. Malamin da ya san yadda aka samo lamba zai san wadda za a dogara da ita da wadda za a nemi a sake.

Idan an ce harsashi a nan, ana nufin ƙwayar da ke fita ta bakin bindiga, ban da kwanso da albarushi. Ana lissafin gudunsa da yawan ƙafar da yake ci a sakan guda. Ƙasashe da yawa da mita suke lissafi, mita ɗaya kuwa ƙafa 3 ce da inci 3 da ɗan ɗoriya. Ƙara tana tafiya kimanin ƙafa 1,125 a sakan. Ƙaramin harsashi mai lamba .22 yana yin tsakanin ƙafa 1,050 da 1,250. Harsashin .303, wanda sojojin ƙasar nan suka riƙe a Yaƙin Duniya na Biyu, yana fita da ƙafa 2,440, na AK-47 kuma da kimanin 2,350. Watau babban harsashi yana riga ƙararsa isa wurin da aka nufa.

Amfanin sanin gudu

Tun daga lokacin da harsashi ya bar bakin bindiga yake fara faɗuwa ƙasa, daidai da dutsen da aka saki daga hannu. Dutse yana faɗuwa ƙafa 16 a sakan na farko. Harsashin .303 yana cin yadi 100 cikin kimanin kashi ɗaya daga takwas na sakan, saboda haka inci 3 kaɗai yake faɗuwa. Amma kafin ya kai yadi 1,000 iska ta rage masa gudu ƙwarai, ya yi kusan sakan biyu a hanya, ya faɗi fiye da ƙafa 35. Shi ya sa ake ɗaga saitin bindiga idan zango ya yi nisa. Lambobin nan da aka zana a jikin saiti, 200, 300, har zuwa sama, an yanka su ne bisa zaton harsashi zai fita da wani gudu sananne. Idan gudun ya kasa haka, lambobin sun zama ƙarya, maharbi ya yi ta zargin idonsa a banza.

Na biyu shi ne ƙarfin duka. Ana auna nauyin harsashi da wani ƙaramin awo da ake kira giren, guda 7,000 ke yin laba ɗaya. Ana auna ƙarfin dukansa da ƙafa-laba, watau aikin da zai ɗaga nauyin laba ɗaya sama tsawon ƙafa ɗaya. Lissafin ba shi da wuya: a ninka gudu da kansa, a ninka abin da aka samu da nauyin harsashi, sa'an nan a raba da 450,240. Harsashin .303 mai giren 174 da gudun 2,440 yana ba da ƙafa-laba 2,300. Babban harsashin .375, wanda kamfanin Holland & Holland na London ya fitar a 1912 domin manyan namun daji, mai giren 300 da gudun 2,530, yana ba da kimanin 4,265.

A lura da cewa gudu sau biyu yake shiga lissafin nan, nauyi sau ɗaya. Idan aka ninka nauyi, ƙarfi ya ninku biyu. Idan aka ninka gudu, ya ninku huɗu. Haka nan idan harsashi ya tsufa a ɗakin ajiya mai laima har ya rasa kashi 10 cikin 100 na gudunsa, ya rasa kashi 19 na ƙarfinsa. A filin koyon harbi wannan ɓacin rai ne kawai. A bakin kogi kuwa, dorinar da aka ji wa rauni ba a kashe ba ta fi wadda ba a taɓa ba haɗari ga masu kwalekwale.

Saboda wannan ne waɗansu ƙasashe suka rubuta lambobin cikin dokokinsu. A Ingila ba a halatta harbin manyan barewar ƙasar da harsashin da ya kasa ƙafa-laba 1,700 ba. A Sikotilan doka ta ambaci gudun kansa, ta ce kada ya kasa ƙafa 2,450 a sakan. A Ingila kuma bindigar iska da ta wuce ƙafa-laba 12 sai da lasin irin na babbar bindiga, ma'aunin gudu ne kuwa yake nuna ko ta wuce ko ba ta wuce ba.

Mai karatu zai ce, ai an buga gudun a jikin kwali, me ya kawo wahalar awo? Lambar kwali gaskiya ce, amma gaskiyar wata bindiga ce daban. A ma'aikata ake samo ta, da bututun gwaji wanda yawanci tsawonsa inci 24 ne, cikin ɗaki mai daidaitaccen zafi. Kowane inci da bututun bindiga ya kasa wannan yakan rage kimanin ƙafa 20 zuwa 30. Bututun da ya zaizaye da yawan harbi yana rage nasa. Bindigogi biyu ma da suka fito daga ma'aikata ɗaya sukan bambanta da ƙafa 50 ko fiye. Ga kuma zafi: albarushi mai ɗumi ya fi saurin ci, don haka harsashin da aka gwada da sanyin safiyar hunturu ba zai ba da lamba ɗaya da ɗan'uwansa da ya wuni a mota cikin bazara ba.

Yadda aka fara

Turawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna harba bindiga ba su san gudun abin da suke harbawa ba. Wanda ya buɗe ƙofar wani masanin lissafi ne na Ingila, Benjamin Robins, a cikin littafinsa na ilimin harbi da ya fito a 1742. Dabararsa ita ce ya rataye wani nauyi da aka fuskance da katako, kamar lilo, ya harbe shi. Harsashi ya nutse a katakon, lilo ya tafi baya. Da yake an san nauyin lilo da na harsashi, nisan da lilon ya tafi ya isa a lissafa gudun. Da wannan ya gano cewa dalmar bindigar soja ta zamaninsa tana fin ƙara gudu, kuma iska tana tare ta fiye da yadda masana suka zata nesa ba kusa ba.

Da lantarki ya samu, sai aka koma auna lokaci kai tsaye. A 1864 wani hafsan sojan Beljiyam, Paul Le Boulengé, ya fito da na'urar da ma'aikatun makamai suka yi shekaru masu yawa suna aiki da ita. An kafa firam biyu da aka saƙa da siririyar waya a kan hanyar harsashi, an kuma rataye sanduna biyu na ƙarfe, kowace maganaɗisun lantarki ke riƙe da ita. Harsashi ya tsinka wayar farko, doguwar sanda ta saki ta fara faɗuwa. Ya tsinka ta biyu, gajerar ta faɗi ta taɓa wata wuƙa, wuƙar ta yi wa doguwar sandar tsaga tana cikin faɗuwa. Sai a auna wurin tsagar da ma'aunin tsawo, a san lokacin da ya wuce tsakanin wayoyin biyu. A shekarar nan kuma wani limamin kirista masanin lissafi, Francis Bashforth, ya fara gwaje-gwajensa a Ingila da firam goma a jere, domin a ga yadda gudu ke raguwa daki-daki. Duk waɗannan kayan gwamnatoci ne. Sai daga 1966, sa'ad da Ken Oehler ya kafa kamfaninsa a jihar Texas ta Amurka, na'urar ta fara shiga hannun maharbi na gari.

Iri uku da ake sayarwa

Na farko mai ido ne. Akwati ne dogo mai idanu biyu na lantarki suna kallon sama, tsakaninsu ƙafa ɗaya ko biyu. Harsashi ya gifta ta kan ido na farko, inuwarsa ta tayar da agogo; ya gifta na biyu, agogo ya tsaya. Agogon ba irin na bango ba ne, yana bugawa sau miliyan ko fiye a sakan guda. Harsashi mai gudun 2,500 yana cin ƙafa biyu cikin bugu 800 na agogo mai miliyan ɗaya, na'ura ta raba tsawo da lokaci ta nuna lamba. Wannan iri shi ya fi araha, akan same shi a kan dala 100 zuwa 150. Aibinsa biyu ne: yana dogara da hasken sama, kuma dole a kafa shi a gaban bindiga, inda ake harbi.

Na biyu mai maganaɗisu ne, wanda kamfanin MagnetoSpeed ya yi suna da shi. Ana ɗaura shi a ƙarƙashin bakin bututu kamar wuƙar da soja ke maƙalawa a bindiga, harsashi ya wuce ta samansa, na'ura ta ji giftawar ƙarfe. Ba ruwansa da rana ko hadari. Sai dai nauyinsa a kan bututu yakan kautar da wurin da harsashi ke sauka, saboda haka ba a gyara saiti yana ɗaure. Idan kuma ɗaurin ya kwance ya ɗago, harsashi zai tafi da shi.

Na uku mai rada ne. Kowa ya taɓa jin yadda usur ɗin jirgin ƙasa ke da kaifi yana tahowa, ya yi kauri da zarar ya wuce. Wani masani ɗan Ostiriya, Christian Doppler, shi ya bayyana dalilin haka a 1842. Na'urar tana aika igiyar rediyo ta bi bayan harsashi, igiyar ta dawo a sauye, gwargwadon sauyin gwargwadon gudun. Ana ajiye ta a gefen bindiga, ba a gabanta ba. LabRadar, ƙirar Kanada, tana bin harsashi yadi da dama tana ba da gudunsa a wurare daban-daban, amma sai an saita ta sosai ga abin bara. A 2023 kamfanin Garmin ya fitar da Xero C1 Pro, wadda ba ta fi tafin hannu ba, tana auna daga ƙafa 100 zuwa 5,000 a sakan, kuɗinta dala 600 a lokacin da ta fito.

Wanne za a zaɓa? Ofishin da ba ya gwaji sai sau biyu ko uku a shekara, mai ido ya ishe shi, muddin akwai mutum mai haƙuri da zai kafa shi daidai. A zaɓi wanda idanunsa suka fi nisa da juna, a kuma fi son wanda allon lambobinsa ke da doguwar waya ko yake aikawa zuwa wayar hannu, domin a karanta daga wurin zama. Wurin da ake koyar da mutane da yawa kuwa, mai rada ya cancanci kuɗinsa, ba domin ya fi faɗin gaskiya kaɗai ba, sai domin ba wanda zai taka gaban layin harbi ya gyara wani abu. Kafin a biya kuɗi a tambaya irin batirin da yake ci da ko ana samunsa a kasuwar gari, gama na'urar da batirinta ya yi sanyi ba ta yin shiru, lambobin banza take bayarwa. Kada kyan allo ya ruɗi mai saye.

Ranar awo

Kafin a fito da na'ura, a fara duba fili. Harsashin .303 yana iya kaiwa fiye da mil biyu, ƙaramin .22 ma ya wuce mil guda. Lalle ne bayan abin bara ya kasance tudun ƙasa mai laushi, ba dutse ba, ba kuma ruwa ba, domin dukansu biyu suna sa harsashi ya yi tsalle ya canza hanya. Nan ne aikin hakimi yake: dagaci da masu unguwa su sami labari tun jajibere, a sanar da makiyaya da mata masu itace, a tsayar da mutum a kowace hanyar da ta ratsa bayan tudun.

Mai ido ana ɗora shi a kan sanda mai ƙafa uku irin ta masu ɗaukar hoto, ƙafa 10 zuwa 15 daga bakin bindiga. Idan ya fi haka kusa, hucin da ke fita tare da harsashi zai girgiza shi, ko ya riga harsashin isa ido. A auna wannan nisa da tef, a rubuta, a kuma maimaita shi kowane lokaci, domin babban harsashi yana rasa kimanin ƙafa 10 na gudunsa cikin ƙafa 15 na farko.

Ƙananan kurakurai a nan suna da girma. Idan tsakanin idanu ya kamata ya zama inci 24 amma ya kauce da kashi ɗaya daga takwas na inci, lamba za ta kauce da ƙafa 13 a kan 2,500. Idan tsakaninsu inci 12 ne, kuskuren nan ɗaya ya zama ƙafa 26. Irin da ake naɗewa biyu, in ba a buɗe shi sarai ba, idanun sun matso kusa, sai ya nuna gudun da ya fi na gaskiya, mai bindiga ya tafi gida yana murna. Idan kuma na'urar ta karkace daga hanyar harsashi, hanyar ta ƙara tsawo, lamba ta ragu. A sa ta miƙe sosai da bututu, kwance daidai, ba gaba sama baya ƙasa ba.

Haske yana da nasa sharaɗi. Ranar da sama ta yi fari da gajimare ko hazon hunturu ita ce ranar da mai ido ya fi so, domin inuwar harsashi tana fita sosai. Idan sama ta yi garau, a ɗora fararen rumfunan roba da suka zo tare da shi. A guji sassafe da yamma lis, sa'ad da rana ke shiga idanun ta gefe. A guji gindin itace, gama inuwar ganye tana motsi. Cikin ɗaki kuma doguwar fitilar lantarki mai bututu tana ƙiftawa sau 100 a sakan, mutum ba ya gani amma na'ura tana gani, ta ruɗe.

Ga wani abin da ya hallaka na'urori masu yawa. Madubin saiti yana zaune kimanin inci ɗaya da rabi a bisa bututu. A nisan ƙafa 10 harsashi yana bi ta ƙarƙashin inda ido ke kallo, maharbi ya ga hanya a buɗe, harsashi kuwa ya fasa akwatin. Maganinsa shi ne a cire makullin bindiga, ba harsashi a ciki, a leƙa ta cikin bututu a tabbata ya nufi inci 4 zuwa 6 bisa idanun, a liƙa alama a jikin sandunan rumfa. Waɗansu sukan musanya sandunan ƙarfe da na itace, domin in an same su su karye su kaɗai.

A ajiye harsasai a inuwa. Kada a bar ɗaya ya daɗe cikin bindigar da ta yi zafi kafin a harba, gama zai ɗumama ya ba da lambar da ta fi ta 'yan'uwansa. Harbin farko daga bututun da aka wanke aka shafa wa mai yakan fita dabam. A rubuta shi, a sa masa alama.

Lissafin malami

Harbi ɗaya ba shaida ba ne, uku ma ba su isa ba. Goma ne mafi ƙaranci, ashirin sun fi. A ɗauki misali, an harba goma an sami waɗannan: 2,431, 2,446, 2,438, 2,452, 2,425, 2,441, 2,449, 2,434, 2,444, 2,440.

A tara su duka a raba da 10, a sami 2,440. Wannan shi ne matsakaicin gudu, da shi ake gyara saiti, da shi ake lissafin ƙarfin duka. Sa'an nan a ɗebe mafi ƙanƙanta daga mafi girma, 2,425 daga 2,452, saura 27. Wannan ita ce tazara, a allon na'ura haruffan ES ke nuna ta. Da an tsaya a harbi uku na farko, da tazarar ta fito 15 kaɗai, a ce harsashin ya fi yadda yake kyau. Tazara tana ƙaruwa da yawan harbi, saboda haka ba a gwada tazarar harbi biyar da ta harbi ashirin.

Akwai lamba ta uku da ta fi tazara amana, domin tana sauraron kowane harbi, ba biyu na gefe kaɗai ba. Na'ura tana nuna ta da haruffan SD, ana iya ce da ita gwargwadon kauce. A duba nisan kowane harbi daga matsakaici: 9, 6, 2, 12, 15, 1, 9, 6, 4, 0. A ninka kowanne da kansa a tara, a sami 624. A raba da 9, watau yawan harbi ban da ɗaya, a sami 69 da ɗan kai. Sai a nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wannan, ita ce 8 da ɗan ɗoriya. Ma'anarta ita ce kimanin biyu daga kowane harbi uku za su faɗa tsakanin ƙafa 8 sama da ƙafa 8 ƙasa da matsakaici. Masu harbin nesa suna yaba harsashin da lambar nan ta kasa 10. Harsashin kasuwa na yau da kullum yakan ba da 15 zuwa 30, ba kuwa laifi ba ne.

Sai a tambaya, a ina wannan ke da muhimmanci? A yadi 100, tazarar ƙafa 27 ba ta kautar da harsashi ko kashi ɗaya daga goma na inci, mai harbin gada ba zai taɓa sanin da ita ba. A yadi 1,000 kuwa tana kai kusan ƙafa guda tsakanin na sama da na ƙasa. Don haka ma'aikacin daji, wanda ba ya harbi sai kusa, matsakaici ne abin dubansa, ya tabbata ƙarfin bai ragu ba. Mai gasar nesa shi ne ke kwana da tunanin kauce. Harsashin da ya fi gudu amma yau sama gobe ƙasa bai kai wanda ya kasa shi da ƙafa 50 amma yake tsaye a kan lamba ɗaya ba.

Idan wata lamba ta fito bare cikin 'yan'uwanta, kada malami ya goge ta domin ta ɓata masa lissafi. In an ga dalili, kamar iska ta ture rumfa ko maƙwabci ya yi harbi lokaci guda, a rubuta dalilin a gefe. In ba a ga dalili ba, ta yiwu ita ce gaskiyar da aka fito nema, watau akwai ɓatattu cikin akwatin.

A littafin awo a rubuta kwanan wata da sa'a, zafin rana, lambar bindiga da tsawon bututunta, irin harsashi da nauyinsa da lambar rukunin da aka buga a kwali, irin na'ura da nisanta daga baki, da sunan wanda ya yi harbin. Takardar da ta zo ofis da lamba ɗaya tilo, ba yawan harbi ba waɗannan bayanai, hakimi yana da ikon mayar da ita a cika.

Shi kansa ma'aunin yana bukatar mai auna shi, kamar yadda ake bin sikelin kasuwa da duwatsun awo na hukuma. Hanya mai sauƙi ita ce a keɓe kwali guda na harsashin .22 mai kyau, a harba biyar daga bindiga ɗaya a farkon kowace ranar awo. Muddin matsakaicinsu bai gusa ba, na'ura tana nan lafiya. In an sami na'urori biyu, a jera su harsashi ɗaya ya bi ta kansu. Wata ƙirar Oehler mai lamba 35P ido uku gare ta saboda wannan, tana auna kowane harbi sau biyu, ta yi gargaɗi idan awon biyu suka saɓa.

Abin da ba ya aunawa

Ma'aunin gudu ba ya ganin matsin da ke cikin bututu, matsin nan kuwa shi ke fasa bindiga. Abin da yake iya yi shi ne ishara: idan harsashi ya fi lambar kwalinsa da ƙafa 100 ko fiye a bindigar da bututunta bai fi na gwaji tsawo ba, ba abin murna ba ne, a daina harbi a kai wa masani. Haka nan idan aka ji ƙara ta fita rarrauna kuma na'ura ba ta nuna kome ba, kada a sake ɗurawa sai an leƙa bututu, domin ta yiwu harsashin ya maƙale a ciki.

Bindigar toka ta maharban ƙauye tana da wuyar aunawa da mai ido, gama hayaƙi da tartsatsi da tsumman ɗuri duk suna bin dalma su rufe idanun. Sai an ja na'urar baya zuwa ƙafa 20 ko fiye. Inda aka auna irinta an ga cewa ƙarin albarushi yana ƙara gudu ne zuwa wani matsayi, daga nan ribar ta yi ta raguwa, hayaƙi da dukan kafaɗa da matsi su ci gaba da hawa. Ya kamata sarakunan baka su ji wannan daga bakin hakimi, musamman da yake yawancin bututun nan maƙera ne suka yi su daga famfon ruwa ko sandar sitiyarin mota, ba a kuwa taɓa gwada ƙarfinsu ba. Mafi muni shi ne a farke harsashin zamani a zuba albarushinsa a bindigar toka. Albarushin zamani iri ne dabam, matsinsa ya ninka na baƙin albarushi, yana tarwatsa bututu a fuskar mai harbi.

Mallakar na'urar ba ta ba kowa izinin harbi. Dokar Bindigogi ta 1959 ta raba bindigogi kashi uku: irin na yaƙi, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa, irin na farauta da wasa, waɗanda lasin ɗinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, da bindigogin ɗuri ta baki, waɗanda al'amarinsu ke hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Duk wanda ya zo neman fili domin gwaji, malami ya fara ganin lasin ɗinsa, ya gwada lambar da ke jikin takarda da wadda ke jikin bindiga, ya kuma aika wa ofishin 'yan sanda na yankin ranar da sa'ar da aka tsayar.